Yadda Ake Zaɓen Kayan Walda Don Unguwa Ta Kira Ka Injiniya

Kai da ka yi ritaya, ko kake jin ƙamshinta, matso kusa. Na san ciwonka. Wayarka ta daina ƙara, masinjan da ke rusuna maka jiya yau daga kan babur yake ɗaga maka hannu, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar gidanka, matarka yake nema. Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaukar maka alkawari kafin a gama shanyar citta a bana unguwarku kaf za ta koma kiranka Injiniya, ko da ba ka taɓa haɗa ƙusa da ƙusa ba. Abin da kake bukata gareji ne, da kayan walda na gas, da ido marar kunya. Na biyun ana sayarwa a kasuwa, na ukun kuwa na san kana da shi.

Don kada ka ce baki kawai nake cikawa, zan riƙa ba ka misali da Mista Dickson na Kafanchan, wanda ya tsufa yana buga hatimi a wani ofishin gwamnati. Matarsa, Madam Edna, tsohuwar malamar firamare, ita ce Uwar Zumunta a cocinsu, wato shugabar Zumuntar Mata. A hannunta makullin ɗakin kayan zumunta yake: kujeru, rumfa, kwanuka da manyan tukwane. Biki ko biso, ba a hura wuta a unguwar sai an biyo ta wurinta, kuma wannan amana ita ce abin da ta fi so a duniya bayan 'ya'yanta. Shi kuwa Dickson, aikinsa ya koma buɗe get yana cewa, “Tana ciki.” Ya faɗi wannan magana har ta fara yi masa ɗaci a baki. So yake, ko sau ɗaya ne, a buga ƙofar nan a ce shi ake nema.

Mataki na 1: Fara da gareji, manta da aiki

Sakarai ne ke zama yana tambayar kansa me zai gyara kafin ya sayi kaya. Kai ba gyara ya dame ka ba, suna kake nema. Abin da za ka fara dubawa shi ne ko ana hango cikin garejinka daga hanya. Idan ba a hangowa, sare reshen da ya tare.

Sai ka kwashe duk wani abu mai amfani da ke ciki. Dickson ya tura matacciyar motarsa gindin mangwaro, sannan ya juya kan buhunan cittar da ƙanin matarsa ya kawo ajiya daga Nok.

“Baban Kevin, wannan buhuna fa, ina zan kai shi?” in ji Edna. “Ruwa bai gama ba fa.”

“Ki kai falo. Nan wokshop ne yanzu.”

“Wokshop na mene?”

Bai ba ta amsa ba, kuma kai ma kada ka bayar. Mutumin da ke amsa irin wannan tambaya bai shirya zama babba ba. Tun daga ranar baƙon da ya shiga falonsu da atishawa yake fita.

Mataki na 2: Raina ƙarami

Kayan wutar gas iri-iri ne, kuma a nan ne masu ƙaramin tunani ke faɗuwa. Akwai ɗan gwangwani da ake riƙewa a hannu ɗaya. Yana liƙe bututun ruwa, yana kwance ƙusar da ta yi tsatsa, yana yin kusan duk abin da gida ke bukata. Ka guje shi. Abin da ke shiga aljihun wando ba ya jawo wa mutum suna.

Akwai wanda ake haɗa tukunyar gas ta girki da tukunyar oksijin. Wannan ya ɗan yi kama da na maza, amma yana da haɗari babba: ranar da gas ɗin kicin ya ƙare ana tsakiyar tuwo, matarka za ta shigo ta kwance rabin sana'arka ta tafi da ita a ka.

Sai na ukun, doguwar tukunyar oksijin mai kai wa mutum kafaɗa, da tankin kabayid, wato dutsen nan mai wari da marasa haƙuri ke nunar da ayaba da shi. Wannan shi ne naka. Ƙa'idar zaɓe ɗaya ce: ka tsaya kusa da tukunyar, idan ka fi ta tsayi da yawa, nemi wata. Warin kabayid kuma kyauta ce daga sama, domin yana shiga gidajen maƙwabta ya sanar da su kana aiki alhali kana barci.

Mataki na 3: Nemi mai shagon da ba ya gardama

Kada ka je wurin mai tambayar “Wane aiki za ka yi da shi?” Wannan ɗan sa-ido ne. Ka nemi irin Jamiluddeen, mai shagon ƙarafa a bayan kasuwa, wanda zai sayar wa makaho madubi ya kuma yaba masa kyan zaɓe.

“Ranka ya daɗe, daga yadda ka riƙe tiyon nan na san ka san aiki,” in ji shi, alhali Dickson a juye ya riƙe shi.

“Na daɗe a harkar,” in ji Dickson. A ransa ma ya yarda, domin takardun kwangilar walda da suka bi ta teburinsa ba sa ƙirguwa.

Tiyo biyu za a ba ka, ja da shuɗi. Ba sai ka san wanne ke ɗaukar me ba, ka dai tabbatar launinsu na ɗaukar ido. Agogon awo kuma ka zaɓi mai babbar fuska, irin wanda za ka riƙa ƙwanƙwasawa da yatsa kana girgiza kai idan baƙo ya shigo. Bakin wuta, ka ce a ba ka mafi girma, wanda ake yanka bodin tirela da shi.

Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa don ya hana wuta komawa cikin tukunya ta tashi da kai da rufin gidan. Jamiluddeen ya ɗauko shi ya nuna, ba tare da ya matsa ba. Dickson ya juya shi a tafin hannu ya ga ko daga bakin get ba za a hango shi ba, sai ya mayar, ya ce a ba shi fenti ja a madadinsa don ya shafe keken da zai ɗora tukwanen.

Mataki na 4: Shigo da kaya ido na ganin ido

Kayan da aka shigo da su a ɓoye asara ne. Ɗauki a-kori-kura, ka zauna a baya tare da tukwanen, ka sa direba ya bi ta gaban coci ko da ba hanya ba ce. Dickson ya daidaci yammacin da matan zumunta ke koyon waƙa a tsakar gidansa. Suna cikin rera yabo da kiɗan tulu da kuge sai ga mota ta shigo da baya, waƙa ta tsinke a tsakiya.

Dattijo Azariya, maƙwabcinsa, mutumin da bai taɓa ganin abu ya wuce bai sa masa baki ba, ya leƙo ta kan katanga.

“A'a! Injiniya! Jirgin ƙasa za ka gyara mana ne?”

Ba'a ce, kowa ya san ba'a ce, har mata suka rufe baki da gefen zane. Amma ka riƙe wannan da kyau: suna ba ya tambayar ta ina ya shigo. Dickson ya ɗaga hannu ya amsa kamar an naɗa shi sarauta. Kafin mako ya zagayo masu acaɓa sun ɗauka, kuma bayan wata guda har Fasto ya faɗa daga kan bagade ba tare da ya yi murmushi ba.

Mataki na 5: Sa kayan aiki

Rigar aiki shuɗiya, ka goga mata baƙin mai da hannunka. Baƙin tabarau kuma wurinsa goshi, ba ido ba. Da su za ka je sayen burodi.

Mataki na 6: Koyi korar aiki cikin mutunci

Yanzu mutane za su fara kawo maka kaya, kuma nan ne ake gane gwani. Kada ka taɓa cewa ba ka iya ba. Ka ce abin bai kai matsayin kayanka ba.

Wata ta kawo wa Dickson murhun gawayi da ƙafa ta cire, ya ce wutarsa ta fi ƙarfin wannan, za ta cinye shi. Wani ya kawo salansar babur, ya ƙwanƙwasa agogon awo ya ce oksijin ya yi ƙasa, sai an kawo daga Kaduna. Mai baro ya zo, aka ce masa ƙarfen na zamani ne, ba ya karɓar wuta. Kowa ya koma da kayansa a karye, yana jinjina ilimin mutumin. Da safe kuma, idan hanya ta cika da masu wucewa, sai ya kunna wuta a kan wani guntun rodi har ya yi jajir, ya buga masa guduma, ya kashe. Iyakar abin da ya sani ke nan game da ƙarfe: ana gasa shi ya yi ja, sannan a yi aiki.

A wannan lokaci Dickson ya yi ƙiba. Ana buga get, ana cewa, “Injiniya yana nan?” Edna ce ke amsawa wani lokaci, kuma ba ta taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba.

Mataki na 7: Kada ka kusanci abin da ake so

Wannan shi ne uban matakai. Gasa rodinka, gasa gwangwanin madara, amma duk abin da wani zai yi kuka a kansa, ka bar shi inda ka gan shi. A nan Dickson ya zame, kuma zan faɗa maka yadda aka yi don ka ga ba a wasa da shawarata.

Mama Yemima ta rasu, tsohuwar da ta rage a cikin matan da suka kafa zumuntar. Su ne a zamaninsu suka yi ƙwadago a gonakin cittar mutane har suka sayi babbar tukunyar zumunta, ta alminiyam, irin ta zubi, wadda sai mata huɗu ke sauke ta daga murhu. Ba a yi shawara ba ma, kowa ya san a cikinta za a dafa gwaten bisonta. Za a zo daga Nok, daga Kauru, har 'yan Mararaban Rido sun ce suna hanya.

Edna ta sa aka fito da tukunyar aka kife a tsakar gidanta don a wanke. A gindinta akwai wani ɗan ƙaramin huji da bai fi ƙwayar gero ba, wanda mata suka saba toshewa da ƙullin gari, a yi girki lafiya a tashi lafiya. Da rana ta ɗaura ɗankwali za ta gidan makoki, ta tsaya a bakin gareji.

“Baban Kevin, don Allah kar ka taɓa wannan tukunya. Mun san yadda muna yi da shi.”

“Ni na ce zan taɓa?”

Da ta bar shi haka, da an zauna lafiya, domin tsoron tukunyar yake ji. Amma ba ta jima da fita ba Azariya ya leƙo ta kan katangarsa.

“Injiniya, ashe tukunya na yoyo a gidanka, mata na liƙe shi da gari? To, gas ɗin na ado ne?”

Maganar ta soki Dickson a inda ya fi ciwo. Ya hango kansa gobe a wurin biso, ana nuna shi ana cewa shi ne ya gyara tukunyar Mama Yemima, mata na guɗa, Fasto na ambatonsa a jawabin godiya. Ya jira Azariya ya sauka daga katanga, ya mirgina tukunyar zuwa gareji, ya janyo ƙofa, ya saukar da tabarau kan idonsa a karo na farko. Ya kunna babban bakin wutar nan na yankan tirela ya ɗora a kan hujin, ya tsaya jiran ƙarfe ya yi ja.

Alminiyam kuwa ba ya ja. Ba ya gargaɗi, ba ya canza fuska. Yana nan fari tas, sai kawai wurin ya yi ƙyalli, ya yamutse kamar fatar kunu, ya zube ƙasa. Dickson ya ɗaga tabarau ya ga simintin garejinsa ta cikin gindin tukunyar. Cikin ruɗewa ya ce bari ya narko gefe ya rufe tsakiya, gefen ma ya bi sahu. Da ya kashe wutar, hujin da bai fi ƙwayar gero ba ya zama abin da faifai ba zai rufe ba.

Mataki na 8: Idan ka yi ɓarna, yi shiru, mai ƙaunarka za ta yi magana

Kada ka gudu, kada ka yi ƙarya da bakinka. Zauna a kan benci ka yi tagumi, ka bar tausayi ya yi maka aiki.

Haka Edna ta dawo ta same shi kafin faɗuwar rana. Ta dubi tukunyar, ta dafa bango. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

“Yesu,” ta ce a hankali. “Dickson, me na ce maka?”

“Ƙarfen ne ba shi da kyau.”

“Me na ce maka?”

Ya sunkuyar da kai. Abin da ya fito daga bakinsa ba ban-haƙuri ba ne. Cewa ya yi, “Azariya zai ji. Duk gari za su ji.” Da gaske tsoro yake ji, tsoron komawa mai buɗe get. Edna ta daɗe tana kallon furfurar kansa. Sannan ta ɗauko tsohon zane ta rufe tukunyar, ta fita bin gidaje aron ƙananan tukwane.

Washegari an yi gwate a murhu barkatai, wani ya yi gishiri, wani bai nuna ba, kuma bai kai ko'ina ba. Mutanen Kauru da suka yi sammako suka koma da yunwa. Tambaya ɗaya ke yawo a ƙarƙashin rumfa: ina tukunyar Mama?

A taron zumunta na gaba Edna ta miƙe a gaban matan da ta shugabanta shekara da shekaru, matan da suka san ko a aji ba ta yarda yaro ya yi ƙarya ba, ta ce ita ce ta ɗora tukunyar a wuta don ta bushe, ta manta da ita ba ruwa har gindin ya narke. Ta nemi gafara. Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ajiye a kan tebur, ta ce wadda ta yi irin wannan sakaci ba ta cancanci riƙon amana ba. Wasu sun yi kuka, wasu sun ce dama tsufa ya fara kama ta. Aka miƙa makullin ga mataimakiyarta, Madam Stella.

Labari ya iso wa Dickson a gareji. Kunya ta kama shi, ba zan hana shi wannan ba. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani sanyi da ya ji ya sauka a ƙirjinsa, kuma sanyin ya fi kunyar yawa.

Mataki na 9: Karɓi girmanka da hannu biyu

Yanzu saura gwajin ƙarshe, kuma wanda ya ci shi ya gama makaranta. Bayan 'yan kwanaki aka buga get. Madam Stella ce da mata biyar cikin zanen zumunta, da 'yar marigayiya a bayansu. Ba Edna suke nema ba. Suka wuce ta a bakin ƙofar kicin da gajeriyar gaisuwa, suka nufi gareji inda tukunyar take jingine tun ranar, suka rusuna.

“Sannu da aiki, Injiniya,” in ji Stella. “Mun zo roƙo ne. Tun da Mami Edna ta kawo maka shi nan, mun san kana dubawa. Ko akwai abin da za a iya yi? Kai kaɗai ne muna da shi.”

Ga abin da ya daɗe yana jira, ya zo har gida, a durƙushe. Azariya ma ya leƙo ta kan katanga, kuma wannan karon ba dariya a fuskarsa. Dickson ya dubi matan, ya dubi Edna da ke tsaye da ludayi a hannu. Kalma uku, “ni na ƙona”, za su mayar mata da makullinta, kuma ya san su, har sun hau harshensa.

Sai ya gyara zaman tabarau a goshi, ya zagaya tukunyar a hankali, ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, ya girgiza kai.

“Wannan ya wuce gyara,” ya ce. Sannan ya juya wajen kicin ya ɗaga murya yadda na kan katanga zai ji. “Maman Kevin, gaskiya kin yi ganganci. Irin wannan ƙarfe ba a barin shi a wuta ba ruwa. Da kin tambaye ni.”

Matan suka gyaɗa kai, ɗaya ta ce ilimi dai daban ne. Edna ta dube shi, ba fushi a idonta, ba hawaye, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya tambayi hanya.

“Na gode, Injiniya,” ta ce, ta koma kicin.

Ka ga ni ban yi maka ƙarya ba. Har yau a unguwar nan babu mai kiransa da wani suna, a waje da cikin gida.

Sanarwa

Mai wannan shawara ba shi da hannu a gobara, ko fashewar tukunya, ko tashin rufi, ko girar da ta ƙone. Idan ka bi matakan nan ka samu sunan, naka ne, ka riƙe abinka. Idan kuma bayan haka ka lura ana ajiye maka abinci a rufe a kan tebur, ana amsa maka kowace magana da “to”, kuma matar da kuka tsufa tare ta daina yi maka gardama ko a kan gishirin miya, kada ka zo ƙofata. Suna na yi maka alkawari, ban ce za a ci gaba da zama kusa da kai a coci ba.